Littattafan yara masu hotuna a wani shago na gefen babbar kasuwar Maradi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da ajin farko na firamare, wanda muke kira CI, kuma a duk tsawon waɗannan shekaru ban taɓa ganin yaron da aka miƙa wa littafi ya fara da duban baƙaƙe ba. Hoto yake fara nema. Idan ya samu, sai ya ɗora yatsa a kai ya kira sunan abin da ya gani da ƙarfi, idan kuwa bai samu ba, sai ya rufe littafin ya tura wa na kusa da shi. Saboda haka, da wata abokiyar aikina ta shaida mini cewa wani shagon kayan makaranta da ke gefen babbar kasuwa ya ware kanta guda domin littattafan yara masu hotuna, sai na ɗauki ƴata mai shekara shida da ƙanenta mai shekara huɗu muka tafi tare, domin na san idonsu zai kama abin da nawa zai wuce. Sau uku muka je cikin wata biyu, na sayi littattafai shida, kuma sai da suka yi makonni a hannun yaran, a gida da kuma a ajina, kafin na zauna rubuta wannan sharhi.

Wanda ya dubi shagon daga bakin titi ba zai yi zaton akwai wani abu a ciki da ya wuce kaye, wato littafin rubutu, da bik, wato biro, da alli da jakunkunan makaranta ba, irin kayan da ake rububinsu a watan Oktoba idan an koma karatu. Kantar littattafan tana can ƙurya, bayan injin fotokofi. Mai shagon dattijo ne mai haƙuri, kuma da ya ji cewa malamin makaranta ne ni, sai ya sa yaron shago ya sauko da duk abin da ke kan kantar ya jera a kan tebur. Ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin makaranta a nan, ya ce mini: “Mushe, waɗannan ba kayan riba ba ne. Kaye ɗari na kan sayar kafin a ɗauki littafi ɗaya. Jikokina ne suka sa na fara ajiye su.” Daga wurare uku kayan suke zuwa. Akwai waɗanda yake sarowa a Yamai, akwai na Kano da Zariya da ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, sannan akwai na Faransa, yawancinsu gwanjo, waɗanda aka riga aka karanta a wata ƙasa. Sabon littafin Faransa bai cika ajiyewa ba, kuma dalilin a bayyane yake: tun da yuro ɗaya yana daidai da sefa 655 da ɗoriya, littafin da ake sayarwa yuro 12 a can ya kusan kai sefa 7,900 tun kafin a biya kuɗin ɗauko shi, ga shi kuma tun bayan rufe iyakar Benin a 2023 kayan da a da ke biyowa ta Kwatano sai sun zagayo ta Lome da Burkina Faso. A kan kantarsa dai farashi ya fara daga sefa 500 ya tsaya a 3,500.

Zan fara da wanda ya fi kowanne burge ni, kuma shi kaɗai ya isa ya sa in sake komawa shagon. Ƙaramin littafi ne na Hausa da aka buga a Yamai, mai shafi 24, an ɗinke shi da waya biyu a tsakiya, na saye shi sefa 1,500. Labarin wata yarinya ce da mahaifiyarta ta aike ta kasuwa da kwandon zogale, akuyar gidansu ta biyo ta. Rubutun kowane shafi bai wuce jimla ɗaya ba, kuma duk abin da yake faɗa shi ne yarinyar ta gaida wane, ta tsallake kwata, ta tsaya kallon masu amalanke. Ko sau ɗaya rubutun bai ambaci abin da akuyar take yi ba. Hoton ne ke nuna ta a bayan yarinyar tana zarar zogalen kaɗan-kaɗan, kwandon yana raguwa shafi bayan shafi, har suka isa kasuwa ba komai a ciki. Ina cikin karanta shafi na shida sai ɗana ya riƙe mini hannu ya ce: “Baba, tsaya, ba ta gani ba, akuya tana ci!” Yaron da bai san ko baƙi ɗaya ba ya riga ni sanin inda labarin ya dosa, kuma ya san wani abu da yarinyar cikin littafin ba ta sani ba. Wannan ne aikin hoto na gaskiya a littafin yara. Ba ado ba ne da ake liƙawa domin shafi ya yi kyau, rabin labarin ne, kuma shi ne rabin da yaro ke iya karantawa da kansa ba tare da ya jira babba ba.

Mai zanen ya san ƙasar nan, kuma ya dube ta da kyau kafin ya ɗauki alƙalami. Akuyar da ya zana jar akuyar Maradi ce, mai gajeren gashi da ƙananan kunnuwa, wadda fatarta ta yi suna har a wajen Nijar, ba wata farar akuya mai gemu da aka kwafo daga littafin Turai ba. Rumbun da ke bayan gidan an ɗora shi a kan duwatsu kamar yadda ake yi domin gudun damshi da gara. Zangarniyar da ke cikin gona ta hatsi ce, doguwa siririya, ba ta masara ba. Matar da ke daka ta goya ɗanta da zane an ɗaure a ƙirji, taɓaryar kuma tana sama, jikinta ya ɗan ranƙwafa yadda mai daka take yi. Wani zai ce waɗannan ƙananan abubuwa ne, amma a ajina na ga abin da suka haifar. Yara arba'in da ƴan kai suka yi ta ɗaga hannu, kowa yana so ya faɗi yadda rumbun gidan kakansa yake, har wata yarinya da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba tun farkon shekara ta ce akuyarsu ma ta haifi tagwaye. Daga hoto ɗaya muka fitar da kalmomi fiye da ashirin, na rubuta su a allo, muka yi mako muna aiki da su. Abin da kawai zan ƙorafta a kan littafin shi ne bangonsa, wanda takardarsa ba ta fi ta ciki kauri ba sosai, har sai da na sa masa leda da kaina. Shafi biyu na ƙarshe kuma babu komai a kansu, abin da kan faru saboda maɗaba'a tana naɗe babbar takarda ne takwas-takwas ko sha shida-sha shida, amma ƴata ta riga ta cika su da nata zanen akuyar.

Na biyu littafin koyon baƙaƙe ne, kowane baƙi da hotonsa, kuma a kansa ne na fi daɗewa ina tunani, domin aikina ne kai tsaye. Wannan dabara ta haɗa hoto da sunan abu tsohuwa ce. Tun a 1658 wani malami mai suna Comenius ya fitar da littafi a birnin Nuremberg na Jamus, inda aka zana abubuwan duniya aka sa wa kowanne lamba, yaro ya dubi lambar ya nemo sunan abin da Latinanci da Jamusanci. Sharaɗin dabarar guda ɗaya ne tun daga wancan zamani har yau, wato hoton ya kasance yana da suna ɗaya tak a bakin yaro. A nan ne wannan littafi ya yi tuntuɓe. A shafin baƙin k an rubuta kaza, amma an zana ta da babban tukku da doguwar wutsiya mai lanƙwasa, kuma duk yaron da na nuna wa, zakara ya ce. A shafin t an rubuta tulu, amma bakinsa ya yi faɗi har yara suka ce randa ce. Yaron da ya dubi hoto ya ce zakara, sannan malami ya nuna masa k, an riga an ruɗa shi a daidai wurin da ake so a daidaita shi. Shafukan ƙ da ɗ da ɓ kuwa sun yi daidai, domin ƙwarya da ɗan tsako da ɓera ba su da wani suna na biyu da zai shiga tsakani. Tun da a Najeriya aka buga shi, ya rubuta 'ya'ya da waƙafi a sama, alhali mu a makarantun Nijar da ƴ mai ƙugiya muke rubutawa, don haka uwa ko uba su sani tun da wuri su bayyana wa yaro.

Bugunsa ma bai fita sosai ba. Maɗaba'a launi huɗu kawai take amfani da su, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, tana buga su ɗaya bisa ɗaya a ƙananan ɗige-ɗige har su haɗu su ba da sauran launuka, kuma idan takarda ta goce ko da kaurin gashi ne, sai hoton ya fito da inuwa biyu. Haka ya faru a kusan rabin shafukan wannan littafi, har idon raƙumi ya koma kan kumatunsa. Sefa 750 ne, kuma ba zan ce kada a saya ba, amma a buɗe a duba kwafin da za a ɗauka, domin na ga wasu sun fi wasu.

Akwai wata magana da ta wajaba in faɗa a nan, domin kada a ɗauka cewa duk inda hoto ya yi yawa karatu ya samu. Hoto yana iya zama sandar da yaro zai dogara a kanta har ya ƙi taka ƙafarsa. Na sha ganin yaron da ke biya shafi daga farko har ƙarshe ba gargada, iyayensa suna murna, amma da zarar na rufe hoton da tafin hannuna sai ya yi shiru, domin hoton yake karantawa, sauran kuma hadda ce. Saboda haka littafin da ake jin daɗin labari da shi daban, na koyon haɗa baƙi da wasali daban. A na farko ina so hoto ya yi magana iyakar iyawarsa. A na biyu ina so ya ja baya, ya bar yaro ya yi fama da kalmar tukuna, sannan ya juya shafi ya ga hoton ya tabbatar masa cewa ya yi daidai. Irin wannan na biyu babu shi a shagon ko ɗaya, kuma na roƙi Alhaji mai shagon ya nemo.

Littafin Faransa da na ɗauka, gwanjo ne, sefa 2,500, kuma ta fuskar aiki babu na biyunsa a cikin shidan. Shafukansa kwali ne mai kauri da yaro ba zai iya yagawa ba, kusurwoyinsa an zagaye su don kada su soki ido, launinsa kuma bai dushe ba duk da ya sha hannu. Labarin wani yaro ne da ke wasa a cikin dusar ƙanƙara. Ba na cikin masu cewa a hana yaranmu irin wannan, domin wanda bai taɓa barin Maradi ba yana da haƙƙin ya ga cewa akwai ƙasar da ruwan sama ke sauka fari kamar auduga, kuma ƴata ta yi mini tambayoyi masu kyau a kansa, har ta so ta san ko sanyin can ya fi na hunturu. Damuwata ita ce yawa. Na ƙirga abin da ke kan kantar, sai na tarar irin waɗannan sun ninka na Hausa kusan sau uku. Idan duk littafin da ya yi kyau a hannu, mai sheƙi da nauyi, fararen yara ne a cikinsa da gidaje masu bututun hayaƙi, wanda kuma ke ɗauke da fuska irin tasa shi ne mai siririyar takarda da ke yagewa, yaro zai fahimci wani abu da ba wanda ya faɗa masa da baki. Ƙasar nan ta fara gwada koyarwa da Hausa tun 1973 a Damagaram, kuma a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Abin da ya rage shi ne wannan matsayi ya iso kan kantar littattafan yara, kuma hakan ba zai yiwu ba sai an biya masu zane kamar yadda ake biyan marubuta.

Na huɗu tarin tatsuniyoyi ne, rubutu cike da shafi, kowace tatsuniya da zane ɗaya baƙi da fari. Da farko na raina shi, amma daga baya na canza ra'ayi. Mu da muka tashi muna jin tatsuniya da dare a bakin kakanninmu, ba wanda ya taɓa nuna mana kamannin Dodo, kuma shi ya sa yake da ban tsoro, domin kowa da irin nasa Dodon a zuci. Gizo ma haka yake, wani lokaci ƙwaro ne mai saƙa a kusurwar ɗaki, wani lokaci magidanci ne mai tsamin baki da ke yaudarar Ƙoƙi da sarki da kura. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma galibi yabo ake nufi, amma a tatsuniya korar tana iya zama asara, domin da zarar an zana Dodo sau ɗaya, shi ke nan ya zama wannan zanen a idon yaro har ya girma. Mai zanen wannan littafi ya gane haka. A tatsuniyar Dodo bai nuna komai ba sai inuwa a jikin katanga da manyan sawaye a bakin gulbi, yarinyar kuma ta juyo tana kallon wani abu da ke wajen shafin. Gizo kuwa ya zana shi daga baya, da hula da ƴar shara, ƙafafunsa sirara fiye da kima. Wannan sanin inda ya kamata alƙalami ya tsaya ne, kuma na yi baƙin cikin cewa ko'ina a littafin ba a rubuta sunan mai zanen ba, ko a bango ko a ciki. Ya dace da yaran da suka kai shekara takwas zuwa sama, ko kuma babba ya karanta wa ƙanana.

Ba zai yiwu a yi maganar hoto a Maradi a tsallake batun addini ba. Akwai iyaye da yawa, cikinsu har da ƴan'uwana, da ba sa son shigar da zanen abu mai rai cikin gida, saboda hadisan da suka zo da tsoratarwa a kan masu yin surori. Akwai kuma malaman da suka sassauta a kan abin da ya shafi yara da koyarwa, suna kafa hujja da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da ƴan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Hukunci na malamai ne, kowa ya tambayi wanda ya amince da shi. Abin da zan yaba shi ne yadda mai shagon ya bi da lamarin. Ya ware sashe guda na littattafan da aka zana mutane ba tare da ido da hanci da baki ba, da waɗanda babu komai a ciki sai itatuwa da kayan gida da motoci, kuma idan uba ya shigo yakan tambaye shi cikin ladabi irin wanda yake so, ba ya jayayya da kowa. Daga wannan sashe na ɗauki littafin alwala da addu'o'in yau da kullum, sefa 1,000. Hannaye da ƙafafu an zana su dalla-dalla, har inda ruwa ya kamata ya kai a gwiwar hannu da idon sawu, kuma ɗana ya gyara wankin hannunsa daga kallon shafi ɗaya. Inda rashin fuska ya rage masa ƙarfi shi ne shafin neman gafarar iyaye, domin yaro daga fuska yake gane nadama, sai dai mai zanen ya yi ƙoƙarin cike giɓin da sunkuyar da kai da durƙuso. Littafin ya kuma kewaye kowace addu'a da ado irin na zayyanar allo da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani, abin da ya tuna mini cewa ƙawata karatu da zane ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tun kafin boko muna da shi.

Na shida shi ne wanda na yi nadamar saye, kuma shi ne ya fi kowanne ɗaukar ido a kan kanta. Ƴata ce ta zaɓe shi saboda sheƙin bangonsa, sefa 2,000. Hotunansa ba hannun mutum ne ya zana su ba, da ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta aka haɗa su, kuma ba wanda ya zauna ya duba abin da ya fito. Yarinyar labarin tana da kitso a shafi na uku, a na huɗu gashinta ya zubo har kafaɗa, a na bakwai kuma fuskarta ta zama ta wata dabam, har ƴata ta tambaye ni: “Baba, wannan yayarta ce?” Hannun mahaifin yana da yatsu shida a wuri biyu. An ce ƙauyen Hausawa ne, amma bukkokin da tufafin an tattaro su ne daga sassan Afirka daban-daban, turmin kuma ya yi kama da tukunyar fure. Babba zai iya wucewa bai lura ba, domin rubutu yake bi, amma yaro yakan yi minti biyar a kan shafi ɗaya yana ƙirga yatsu da kaji, kuma da fuskar jarumar yake riƙe zaren labari. Idan fuskar ta canza, zaren ya tsinke. Ban ƙi a yi amfani da na'ura ba idan akwai mai ido a bayanta da zai zubar da abin da ya lalace, amma wannan an yi shi ne domin a ja hankalin mai biyan kuɗi, ba domin mai karatu ba. Ga shi kuma da gam aka haɗa shi, zafin watan Afrilu ya busar da gam ɗin, shafuka huɗu suka fita cikin mako biyu. Da na mayar da maganar ga mai shagon bai yi musu ba, ya karɓa ya duba yatsun da kansa, ya ce: “Wallahi Mushe ban lura ba, bangon kawai na gani.” Bai mayar mini da kuɗi ba, domin ba al'adar shagon ba ce, amma a zuwana na uku na tarar ya sauke sauran kwafin daga kan kanta.

Akwai wata hidima da shagon ke yi wadda ba a rubuta ta a ko'ina ba, sai wanda ya tambaya. Yaron shagon yana sauko da littattafan yara na kyauta daga intanet, musamman daga African Storybook, shirin da wata cibiyar ilimi ta Afirka ta Kudu mai suna Saide ta buɗe a 2014, wanda ke da labarai a harsunan Afirka masu yawa har da Hausa, kuma an yarda kowa ya buga ya raba matuƙar ya bar sunayen marubuci da mai zane. Yana bugawa, ya naɗe, ya ɗinke da waya, ya sa bangon kwali. Na gwada iri biyu. Bugun launi ya fito da kyau amma shafi ɗaya sefa 150 ne, wanda ya sa ƙaramin littafi ya kai kuɗin na kanta. Bugun baƙi da fari sefa 25 ne, sai dai ba kowane littafi ne ke jure shi ba, domin hoton da aka gina da launi kawai, ja kusa da kore, yakan koma dunƙulen toka guda da ba a gane komai. Wanda aka zana da layi mai ƙarfi shi ne ke fita sarai, har ma yara su samu abin shafa wa launi da kansu. Shawarata ga malamai ƴan'uwana ita ce su sa a buga shafi ɗaya na gwaji kafin su ba da aikin aji guda. Na kuma lura yaron yakan cire shafin ƙarshe mai ɗauke da sunayen masu aikin domin rage takarda, na ce masa ya daina, ya kuwa daina.

Abin da ya rage shi ne gyaran da shagon kansa ke bukata. Mafi tsadar littattafan suna cikin leda a rufe, alhali littafin hoto ba a sanin darajarsa sai an buɗe, kuma da an bar kwafi ɗaya na dubawa da ban sayi na shida ba. Kantar ta yi wa yara tsawo, sai da na ɗaga ɗana a kafaɗa kafin ya ga abin da ke kai. Ba a rubuta farashi a jikin ko ɗaya ba. Ƴan kwafin da aka jera a bakin ƙofa domin jan masu wucewa rana ta cinye jansu da rawayarsu, sun koma shuɗi-shuɗi, ƙurar hunturu kuma ta shiga tsakanin shafuka. Ranakun Litinin da Juma'a, da kasuwa ke ci, shagon yakan cika da masu fotokofi har ba wurin tsayawa, don haka mai zuwa da yara gara ya zo Asabar da hantsi. Na faɗa wa Alhaji duk wannan baki da baki, ya saurara har na gama, ya ce batun leda yana tsoron hannun yara masu maiƙo, amma zai sauko da kanta ɗaya ƙasa ya shimfiɗa tabarma a ƙuryar idan ya samu inda zai matsar da injin. Na bar masa kuɗin kwafi biyar na littafin akuya domin ajina, tun da biyu kawai suka rage masa, ya ce sauran za su iso daga Yamai a motar mako mai zuwa.